Na je Sakkwato neman sunan kakar kakata

Wata ɗalibata ce ta tayar da ni wannan tafiya, ba tare da ta sani ba. Ina koyar da ilimin halittu a wata sakandaren 'yan mata a Zariya. Ranar ina bayani ne kan maitokondiriya, 'yan mitsi-mitsin jakunkunan nan da ke cikin ƙwayar halitta, masu juya abincin da muka ci ya zama ƙarfin da muke motsi da shi. Na ce musu waɗannan jakunkuna suna da nasu DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, daban da na cibiyar ƙwayar, kuma daga uwa kaɗai ake gadonsa, na uba ba ya wucewa. Sai ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to kai ka san matar da ka gado naka daga wurinta? Ya sunan kakar kakarka?"

Na yi shiru. Ta wajen uba ina iya jero mutum bakwai ban ja numfashi ba, don tun muna yara ake bita mana su. Ta wajen uwa kuwa, daga mahaifiyata sai mahaifiyarta, sai duhu. Ga shi lokacin shekara guda ke nan da muka kai mahaifiyata makwancinta, Allah ya jiƙanta. Mutum ɗaya ta rage da zan tambaya, ƙanwarta, Innarmu ta Sakkwato, wadda ta haura tamanin.

Da aka ba da hutu cikin Afrilu na kama hanya. Mun tashi ana idar da sallar asuba, don babu direban da ke son dare ya riske shi a hanyar nan yanzu. Funtuwa, Tsafe, Gusau. A tsakanin nan hira ta mutu a motar, kowa yana jan carbinsa, sai da muka wuce Talata Mafara sannan wata dattijuwa ta kwance ƙullin gyaɗa ta bi kowa da ita. Mun shiga gari ta Dange da Shuni ana kiran azahar. Wanda bai taɓa shan bazarar Sakkwato ba sai dai a ba shi labari. Iskar da ke dukan fuskata a bayan ɗan kabu-kabu tamkar an buɗe bakin tanderu.

Gidan Inna yana cikin tsohon gari, ba nisa da Hubbaren Shehu. Na same ta a rumfa kan tabarma, ta ɗago ta ƙura mini ido, sai hawaye.

"Ɗan Yaya, kai na? Marhaban, marhaban. Ka zaka lahiya?"

Ba ta taɓa kiran sunana ba tun ina yaro, ɗan Yaya take ce mini. Aka kawo fura mai sanyi a ƙwarya, da nono mai kauri irin wanda ba ma samu a Zariya. Sai da na sha na natsu na gaya mata abin da ke tafe da ni. Ta daɗe tana kallona.

"Mi kaka biɗa ga sunayen mata? Tun da nike ba a taɓa yi min wagga tambaya ba. Bari sai na kwana da ita."

Jikarta, ɗiyar 'yarta, tana gefe tana jin mu. Tana shekara ta uku a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, tana karanta kimiyyar sinadaran jiki. Ta yi murmushi ta ce, "Kawu, ai ni da kai da Inna abu guda muka ɗauke da shi. Gobe ka raka ni makaranta in gwada maka wani abu." Gaskiyarta. Ni ɗan 'yar'uwar Inna ne, ita ɗiyar ɗiyarta, duk mace guda muke komawa gare ta, ba namiji a tsakani.

Washegari muka haye fadamar Rima zuwa Dundaye, inda mazaunin jami'ar yake, muka samu inuwar dogonyaro muka zauna. Ta buɗe kwamfutarta. Ta sauko da jerin DNA daga GenBank, rumbun intanet ɗin da masu bincike na duniya ke zuba sakamakonsu kyauta, ta jera su sahu-sahu. Shekara ashirin ina koyar da wannan abu a allo da alli, ban taɓa ganinsa haka ba.

Haruffa huɗu ne kawai, A da C da G da T, suna ta maimaituwa. Na ɗan Adam na yau haruffa 16,569 ne a dunƙule kamar zobe, ɗauke da ƙwayoyin gado 37, kuma tun 1981 aka gama karanta shi a Kambirij ta Ingila. Sahun farko na wani mutumin Afirka ta Yamma ne, na biyu Bature, na uku mutumin Sin. Tana jan shafin, sahun uku suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, sai can ka ga harafi ɗaya ya sauya launi, ka ƙara tafiya mai nisa kafin ka ga wani. Ko mutanen da suka fi kowa nisa da juna a yau, bambancinsu ɗari ne da 'yan kai.

"To Kawu, duba na huɗu."

Launi ya fara yawa. Wannan na Niyandatal ne, mutanen da suka zauna Turai da yammacin Asiya suka ƙare wajen shekara 40,000 da suka wuce. Sunan daga kwarin Neander na Jamus ya fito, inda masu fasa dutse suka tono ƙasusuwansu a 1856. Ƙasusuwan sun fi shekara ɗari da arba'in a ajiye kafin Matthias Krings da malaminsa Svante Pääbo su samu ɗan guntu daga ƙashin damtse, su karanto haruffa 379 a 1997. A wannan ɗan yanki mutanen yau sun saɓa da juna a wuri 8 bisa matsakaici, shi kuwa ya saɓa da mu a wuri 27. A 2008 aka karanta zoben gaba ɗaya daga wani ƙashi na kogon Vindija a Kuroshiya. Bambancinsa da namu wuri 202 ne in an daidaita.

Sahu na biyar ya fi ba ni mamaki, har na karɓi kwamfutar na ɗora a cinyata. A 2008 aka tsinci ɗan guntun ƙashin yatsa, bai kai ƙwayar wake girma ba, a kogon Denisoba da ke duwatsun Altai na Saiberiya. An ɗauka na Niyandatal ne ko na irinmu. Da Johannes Krause ya karanta shi, sai ga bambanci 385 tsakaninsa da mu, kusan ninki biyu. Aka bayyana haka a watan Maris na 2010. Babu ƙoƙon kai a lokacin, babu haƙarƙari, haruffan nan ne kaɗai suka shaida cewa an yi wasu mutane a doron ƙasa da ba wanda ya san da su. A can ƙasa ta sa na birin cimfanzi don awo: 1,462.

Na tambaye ta me ya sa aka fara da na maitokondiriya, don in ji ko ta riƙe karatunta. Ta ce ai DNA na cibiya kwafi biyu ne rak a ƙwaya, wannan kuwa ɗaruruwa ne har dubbai, don haka in ƙashi ya tsufa komai ya ruɓe, shi ake fi sa ran tsinta. Sannan ba ya cuɗanya da na uba, yadda uwa ta karɓa haka take miƙawa, sai fa ɗan kuskuren da kan auku jefi-jefi wajen kwafi.

Wannan kalma ta kwafi ita ta biyo ni da yamma zuwa Gidan Tarihi na Waziri Junaidu. Na tsaya gaban tsofaffin rubuce-rubucen hannu, tawada baƙa da ja a kan takardar da ta koma launin ƙasa. Duk wanda ya zauna gaban malaman zaure ya san yadda littafi ke tafiya: ɗalibi ya kwafa daga na malaminsa, wani ya kwafa daga nasa. In alƙalamin ɗaya ya zame ya tsallake ɗigo, duk wanda ya kwafa daga gare shi zai gaji wannan zamiya. Ka tara kwafi goma, ka bi kurakuran, za ka gane wane ya fito daga wane, kuma wanda ya fi tara bambanci shi ya fi daɗewa da rabuwa da uwar littafin. Da irin wannan lissafi Rebecca Cann da Mark Stoneking da Allan Wilson suka gwada na mutum 147 a 1987, suka ga duk rassan suna komawa ga mace guda da ta rayu a Afirka wajen shekara 200,000 baya. 'Yan jarida suka laƙa mata sunan Hauwa'u, kuma ina ganin ba su kyauta ba, don sunan ya rikita mutane da yawa, musamman mu. Masu binciken ba su ce ita ce mace ta farko ba. Akwai mata da yawa a zamaninta, layinta ne kawai bai yanke ba. Kuma rassan da suka fi tsufa, waɗanda ake wa laƙabi da L, duk a nahiyarmu suke. Daga reshe guda, L3, na sauran mutanen duniya suka tsiro. Layin Niyandatal kuwa ya rabu da namu tun sama da shekara 400,000.

Yadda layi ke yankewa alhali zuriya na nan, a Hubbare na gane shi sosai. Da safen rana ta uku na je ziyara. Na cire takalmi a ƙofa, na bi bayan wasu mata da suka zo daga Nijar, muka yi addu'a ga Shehu Usmanu, wanda ya rasu a 1817, da waɗanda ke kwance kusa da shi, cikinsu har da 'yarsa Nana Asma'u. Ina tsaye sai lissafin ya zo mini. Nana Asma'u ta auri Waziri Giɗaɗo. Waziri Junaidu, wanda na fito daga gidan tarihinsa jiya, tattaɓa-kunnenta ne, ta hannun ɗanta da jikanta Waziri Buhari. Jininta ya iso gare shi, ilimin gidan ya iso gare shi, kowa a Sakkwato ya shaida. Amma zoben nan da ta karɓa daga mahaifiyarta Maimuna bai iso gare shi ba, don ya tsaya a kan ɗanta, shi Waziri na tasa mahaifiyar ya ɗauka. Wanda zai auna wannan zobe kaɗai sai ya ce babu dangantaka tsakaninsu, alhali ga ta nan a fili.

Irin wannan kuskure ne ya kusa kama duniyar kimiyya. An auna dubban mutane, ba a samu ko ɗaya mai ɗauke da maitokondiriyar Niyandatal ba, har yau ɗin nan. Shekara goma sha uku mutane da yawa suna karanta wannan a matsayin hujjar cewa kakanninmu ba su taɓa auratayya da su ba. Sai a watan Mayu na 2010 ayarin Pääbo a Leipzig suka fitar da DNA na cibiya, wanda ake gado ta uwa da uba duka, sai ga shi mutanen wajen Afirka suna ɗauke da kusan kashi 2 cikin ɗari na Niyandatal. Mutanen Papuwa kuma suna da wajen kashi 4 zuwa 6 na mutanen Denisoba. A 2020 aka nuna mu ma nan Afirka muna da ɗan kaɗan, wajen kashi 0.3, wanda akasarinsa ya shigo ta hannun waɗanda suka fita suka dawo. Jini ya gauraya, layin uwa ne bai kawo labarin ba.

Da dare, bayan an ɗauke wuta mun fito tsakar gida, ɗiyar tawa, jikar Inna, ta ci gaba da ba ni sauran. A wani rami mai zurfi a Atapuerca ta Sifaniya akwai ƙasusuwa masu shekara kusan 430,000. Da aka karanta maitokondiriyarsu a 2013 sai ta yi kama da ta Denisoba, can Saiberiya, kowa ya ɗaure kai. A 2016 na cibiya ya nuna su magabatan Niyandatal ne. To ina Niyandatal ɗin da suka zo daga baya suka samo tasu? Wani ƙashin cinya daga kogon Hohlenstein-Stadel na Jamus ya taimaka a 2017: alamu sun nuna wata mace daga dangin da ke kusa da mu ta haihu a cikinsu tun sama da shekara 270,000, kuma a hankali layinta ya maye gurbin nasu na asali. Wato sahun nan na huɗu da na gani a Dundaye, mai bambanci 202, shi kansa asalinsa ta wajenmu ya bi. Shi ya sa ya fi na Denisoba kusa da mu, alhali a jini Niyandatal da Denisoba su suka fi kusa da juna.

Inna tana kishingiɗe tana fifita da mahuci, ashe duk tana ji. Da aka zo kan yarinyar nan ta kogon Denisoba, wadda aka bayyana a 2018, 'yar kimanin shekara 13 da ta rayu wajen shekara 90,000 baya, uwarta Niyandatal, ubanta mutumin Denisoba, sai ta tashi zaune.

"Ɗiya ta ƙarama? Allah sarki. To su waɗanga mutane, ɗiyan Annabi Adamu na?"

Na ce mata, "Inna, na'urar haruffa take ƙirgawa, ta faɗi wa ya fi kusa da wa. Maganar ruhi da wanda aka ɗora wa shari'a ta malamai ce." Ta gyaɗa kai ta ce ai Allah da kansa ya ce a yi tafiya cikin ƙasa a duba yadda ya fara halitta. Ta yi shiru kaɗan. Sannan ta ce in ɗauko takarda.

Da hasken waya na rubuta. Mahaifiyarsu, wadda na sani, haifaffiyar nan cikin gari. Mahaifiyar wannan, mutuniyar Wurno, mai saƙa da kaɗi, wadda aka ce ta yi karatu wurin wata jaji, wato malamar mata, cikin 'yan taru, ƙungiyar karatun mata da Nana Asma'u ta kafa. Inna ta faɗi sunanta na yanka da na mahaifinta da unguwarsu, ba gargada. Ta uku kuwa, kakar kakata, wadda na taso tun daga Zariya dominta, sai muryar Inna ta yi ƙasa.

"Ita ba a san sunanta na yanka ba. Laƙabi anka sa mata nan. Kawo ta anka yi, tana yarinya, daga kudu. Ka gane?"

Na gane. Baiwa ce aka saya ko aka kamo, ubangidanta ya sa ta ɗaka, ta haifa masa 'ya. Nan take na fahimci dalilin da mahaifiyata ba ta taɓa wuce sunan mahaifiyarta ba in ana zancen dangi. Abin ya yi mini nauyi a ƙirji, kuma har yanzu da nake rubutu bai sauka ba. Maza bakwai nake taƙama da su, kowanne da garinsa da sarautarsa ko malantarsa. Ita kuwa wadda zobenta ke cikin kowace tsoka ta jikina, wanda da shi nake numfashi ina tsayuwa gaban allo, ko sunan da uwarta ta raɗa mata ba a bar mata ba.

Ɗiyar tawa ta ce in mun so ana iya gwada yawun ɗayanmu a ga reshen da muke. Gwajin zai ce L1b ko L2a ko L3e, irin waɗanda suka yawaita a Afirka ta Yamma, amma waɗannan rassa sun girmi Hausa da Fulatanci da Nufanci da dubban shekaru, kuma sun bazu a ƙabilu da yawa. Ba zai ce ga ƙauyenta ba. Nan na tuna da wani abin da ya daɗe yana damuna. Kusan duk wannan labari daga kogunan dutse masu sanyi na Turai da Saiberiya ya fito, don zafi da laima suna cinye DNA. Irin zafin da ya hana mu barci a ɗaki daren nan shi ne abokin gabarsa. Muna da ƙoƙon kan Iwo Eleru da Thurstan Shaw ya tono kusa da Akure a 1965, mai shekara kusan 13,000 da siffofi irin na mutanen da, yana nan ba a karanta shi ba. Abin da aka samu mafi kusa da mu shi ne yara huɗu na Shum Laka a Kamaru, biyu masu shekara 8,000, biyu masu 3,000, da aka bayyana a 2020. Nahiyar da ta fi kowa tsofaffin rassa ita aka fi ƙarancin karantawa. Pääbo ya karɓi kyautar Nobel a 2022, kuma ya cancanta. Ni dai burina in ga yara irin wannan da ke zaune gabana sun samu ɗakin bincike da kayan aiki a nan gida, su karanta ƙasusuwan ƙasarsu da hannunsu. Na gaya mata haka. Ta ce, "Kawu, ka sa mu addu'a," ta karɓi takardar ta ɗauki hotonta, ta ce in Allah ya ba ta ɗiya mace za ta bita mata su.

Ni kam 'ya'yana na mahaifiyarsu suka ɗauka. Nawa a kaina zai tsaya.

Ranar komawa Inna ta sa aka ɗaure mini kilishi da ƙullin albasa, ta riƙe hannuna ta yi addu'a mai tsawo. Mun wuce Tureta ke nan wayata ta yi ƙara. Ɗiyar ce, ta ce ga Inna.

"Ɗan Yaya, na tuno wani abu, rubuta. Kakarmu ta ce uwarta tana da tsage uku-uku nan ga kunci, ba irin namu ba. Kuma in tana daka takan yi wata waƙa da harshen da ba wanda ka ji cikin gidan. Kakarmu ta riƙe baiti guda, ta koya muna ni da Yaya muna ƙanana. Ban san ma'anarta ba, amma ban mance ta ba. In ka isa lahiya ka kira ni in rera maka."

Na ce wa na kusa da ni ya ɗan matsa, na zaro takardar daga aljihu, na dafa ta a gwiwa na rubuta a ƙarƙashin suna na uku.